Kwanan Watan Jikin Kati da Wa'adin Yarjejeniya a Masaukin Karɓa-Karɓa

Kwanakin baya wani dattijo aminin mahaifina, wanda ya daɗe yana fatauci tsakanin Katsina da Dubai, ya aiko a kira ni gidansa da ke wajen Ƙofar Ƙaura. Bayan mun gaisa a zaure, sai ya zaro wani ɗan kati mai kama da na cirar kuɗi ya miƙo mini, ya ce: "Ɗana, duba mini wannan. Yara sun ce ya mutu tun watan sha biyu. In haka ne, to na huta da kuɗin da nake aika wa mutanen nan duk shekara." Katin na zama mamba ne a wani kamfanin masaukai da ya sayi mako guda a cikinsa shekarun baya, kuma lalle kwanan watan da aka buga a jikinsa ya wuce. Na ce masa: "Baba Alhaji, kati kam ya mutu, amma kafin mu ce an huta sai mun ga takardar da ka sa wa hannu ranar da ka saya." Sai da aka kwana uku ana bincike kafin a gano takardar a ƙasan wata tsohuwar adaka, kuma abin da muka karanta a cikinta ne ya sa na ga dacewar yin wannan bayani, domin na tabbata ba shi kaɗai ne yake ɗauke da irin wannan kati a cikin mutanenmu masu zuwa Umra da kasuwanci ba.

Tsarin da ake magana a kai shi ne wanda Turawa ke kira taimshiya, Larabawa kuma su ce musharaka bil waƙti, mu kuwa za mu iya ce masa mallakar masauki ta karɓa-karɓa. Kamfani zai gina masauki a wurin da baƙi ke yawan zuwa, ya kasa shekarar kowane ɗaki zuwa makonni 52, yawanci ya ware mako ɗaya don gyara, sannan ya sayar da sauran ga mutane daban-daban, ta yadda kowa zai zo ya sauka a lokacinsa ya tashi ya ba wani wuri. A Turai aka fara shi: kamfanin Hapimag na ƙasar Suwizalan ya kafu a 1963, a cikin shekarun nan kuma aka yi irinsa a tsaunukan Faransa, daga nan ya tsallaka Amurka inda ya bunƙasa ƙwarai. Da farko mako ƙayyadadde ake sayarwa, misali mako na 30 a kowace shekara. Daga baya aka kawo mako mai yawo, wanda mai shi zai zaɓa a cikin wani zango na shekara, sannan aka kawo tsarin maki, inda ake zuba wa mamba wasu maki duk shekara ya riƙa sayen kwanaki da su.

Asalin tunanin ba baƙo ba ne gare mu. Magadan da suka gaji gona ƙarama wadda ba ta kasuwa, sukan yarda wannan ya noma bana, wancan ya noma baɗi, kuma malaman fiƙihu sun daɗe da sanin wannan rabo, suna kiransa muhaya'a, wato raba amfanin abu ta hanyar lokaci ba tare da an raba shi kansa abin ba. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta tattauna wannan ciniki na zamani a zamanta na 18 a Putrajaya ta ƙasar Maleshiya a 2007, ta halatta shi bisa sharuɗɗa, ta kuma bambance nau'i biyu: wanda mutum ya sayi wani kaso na ginin kansa, da wanda ya yi hayar amfaninsa na wasu shekaru sanannu. Wannan bambanci shi ne ginshiƙin maganar wa'adi gaba ɗayanta, kuma manomin Daura ko Mashi ya san shi sarai, domin ya san tazarar da ke tsakanin gonar saye da gonar haya.

Shi kati shaida ce kawai ta gane mamba. Da shi ake tantance mutum a teburin karɓar baƙi, da shi ake samun rangwame a wasu shaguna da wuraren cin abinci, da shi ake shiga wasu ɗakunan hutawa da aka keɓe wa mambobi. Kamfanoni suna buga masa wa'adi ne saboda dalilan da suka shafi tafiyar da aikinsu. Mambobi suna sayar da kasonsu, wasu suna rasuwa, wasu suna daina biyan kuɗin shekara, kuma in da kati ba ya mutuwa, da wanda ya sayar da kasonsa shekara goma da suka wuce zai ci gaba da karɓar rangwame da shi. Wa'adin yana ba kamfani damar sake tankaɗe sunayen mambobinsa bayan 'yan shekaru, ya aika wa waɗanda suka cancanta sabon kati, ya bar na sauran ya mutu a hannunsu. Haka kuma roba tana tsufa, kuma fasahar da ake karanta katin da ita tana sauyawa.

Kowa a cikinmu ya san irin wannan a wani fannin. Katin cirar kuɗi yana mutuwa, amma ajiyar da ke asusun mutum tana nan, haka kuma bashin da banki ke binsa in akwai. Fasfon Nijeriya yana da wa'adin shekara 5 ko 10, kuma ranar da ya cika mai shi bai tashi daga zama ɗan ƙasa ba. Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda mutumin da ya fahimci wannan sarai a kan banki, idan aka zo kan katin masauki sai ya ɗauka ɗan robar nan shi ne cinikin dungurungum. Ina ganin dalilin shi ne katin yana aljihu kullum ana ganinsa, ita kuwa yarjejeniyar shafuka ne masu yawa cikin Turanci ko Larabci mai nauyi, an sa mata hannu cikin gaggawa a ƙasar waje, an ajiye ta ba a sake buɗewa ba.

Misalin da ya fi fito da wannan fili shi ne na Disney Vacation Club a Amurka, wanda kamfanin Disney ya buɗe a 1991. Katunan roba da mambobinsa ke riƙewa sun ƙare aiki a ƙarshen 2021, aka mayar da shaidar cikin manhajar waya, amma babu mamba ko ɗaya da ya rasa makinsa ko kwanakinsa saboda haka. Wa'adin gaskiya yana cikin takardun mallaka, kuma ya bambanta daga masauki zuwa masauki: na masaukan farko zai cika ranar 31 ga Janairu, 2042, na Saratoga Springs a 2054, na Bay Lake Tower a 2060, na Riviera kuma a 2070. Mutum biyu za su iya nuna shaida iri ɗaya sak, alhali ɗaya saura masa ƙasa da shekara 20, ɗayan kuma sama da 40. A wannan kamfanin ne kuma aka ga yadda kati ke ɗauke da alfarmar da ba ta cikin yarjejeniya. Tun daga watan Afrilu na 2016, wanda ya sayi kasonsa daga hannun wani mamba maimakon daga kamfanin kai tsaye ba ya samun rangwame da sauran ƙarin alfarmar mambobi, duk da cewa haƙƙinsa na kwana a ɗaki yana nan daram. Rangwame kyauta ce da kamfani zai iya janyewa ko sauyawa duk lokacin da ya so, kwana a ɗaki kuwa haƙƙi ne da aka biya kuɗi aka saya.

Saboda haka kwanan watan da ya fi cancantar a haddace shi ne na ƙarewar yarjejeniya, kuma sabunta kati ba ya ƙara masa ko kwana ɗaya. Kuskuren ɗauka cewa sabon kati yana ƙara wa'adi shi ne kishiyar na Baba Alhaji, kuma ina ganin ya fi cin kuɗi wajen masu sayen kwance. Mai sayarwa zai nuna sabon kati fil mai sauran shekara huɗu ko biyar a jikinsa, mai saye ya ga komai lafiya, bai tambayi shekara nawa suka rage a asalin cinikin ba. Kaso irin na haya tamkar buhun gero ne da ake ɗiba a ciki kowace shekara, don haka farashinsa a shekara ta biyar ba zai zama daidai da farashinsa a shekara ta ashirin ba. Ranar da wa'adi ya cika, ɗakin yana komawa ga mai ginin, kuma bisa al'adar wannan ciniki ba a mayar wa mamba komai daga kuɗin da ya biya tun farko.

Ga mutanenmu, inda wannan ya fi kusa da zuciya shi ne Makka. Lokacin da ake gina dogayen benayen Abraj Al Bait da ke daf da Harami a kan filin waƙafin Sarki Abdul'aziz, an sayar da kwanaki a benen Zamzam ta hanyar takardun da aka kira sukukul intifa'i, wato takardun cin amfani, na tsawon shekara 24. Sunan da kansa ya faɗi gaskiyar abin, amfani aka sayar, domin filin waƙafi ba ya sayuwa. A irin waɗannan yarjejeniyoyi na ƙasar Saudiyya akwai abin da ya kamata mai saye ya lura da shi, wato kalandar da aka yi lissafi da ita. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, tana gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, don haka shekara 24 ta Hijira ta gaza 24 ta Miladiyya da kusan wata tara. Haka nan wanda aka rubuta masa mako da kalandar Miladiyya, ko da ya faɗo cikin Ramadan a shekarar da ya saya, bayan shekara uku azumi ya matsa ya bar shi. Wanda burinsa goman ƙarshe ne, dole ya ga an rubuta goman ƙarshen Ramadan ɓaro-ɓaro a takardar.

Wasu ƙasashen doka ce ke yanke wa'adin. A Sifen, dokar 1998 ta ƙayyade cewa irin wannan yarjejeniya ba za ta wuce shekara 50 ba, kuma a 2015 Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke hukuncin cewa waɗanda aka ƙulla bayan dokar ba tare da ranar ƙarewa ba ɓatattu ne, hukuncin da ya buɗe wa masu saye da yawa ƙofar neman kuɗinsu. A Meziko, tsarin mulki bai ba baƙo damar mallakar fili kai tsaye a cikin kilomita 50 daga gaɓar teku ba, shi ya sa mafi yawan abin da ake sayarwa a can haya ce mai wa'adi. Wannan ma ba sabon abu ba ne ga ɗan Nijeriya, tunda takardar shaidar mallakar fili da gwamna ke bayarwa a ƙarƙashin dokar filaye ta 1978 yawanci shekara 99 ake rubutawa a kanta.

Akwai kuma nau'in da ba shi da ranar ƙarewa sam, wanda ya fi yawa a Amurka, inda mai saye ke samun takardar mallaka ta dindindin. Masu talla suna gabatar da wannan a matsayin falala, suna cewa abin gado ne da za a bar wa 'ya'ya da jikoki. A ganina a nan ne nauyi ya fi yawa, domin abin da ba ya ƙarewa kuɗin kula da shi ma ba ya ƙarewa. Kowane mamba yana biyan kuɗin shekara na gyara, albashin ma'aikata, inshora da haraji, ko ya je ko bai je ba, kuma kuɗin yana ƙaruwa kusan kowace shekara. A Amurka matsakaicinsa ya haura dala 1,000. Ga wanda yake samun kuɗinsa da naira, lissafin yana da ɗaci: kafin watan Yuni na 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 kuma ta haura 1,500, wato dala 1,000 ɗin nan da take naira 460,000 ta koma sama da miliyan ɗaya da rabi, ba tare da kamfanin ya ƙara ko sisi ba. Wanda ya ga kati ya mutu ya daina biya, bashin yana taruwa tare da tarar jinkiri, a toshe masa damar kama ɗaki, a miƙa sunansa ga masu karɓar bashi, a wasu wuraren ma a ƙwace kason. Ga Musulmi kuwa maganar ta wuce ta kamfani, domin bashi ne a wuyansa, kuma ana fitar da bashi daga dukiyar mamaci kafin a raba gado.

Tsakanin wa'adin kati da na yarjejeniya akwai wasu ƙananan wa'adodi da suke cinye wa mutane haƙƙinsu a hankali. Maki ba sa zama har abada. Kowane mamba yana da shekarar amfaninsa, wadda ba lalle ta fara a Janairu ba, kuma makin da bai kashe ba a cikinta suna ƙonewa sai in ya nemi a tsallakar masa da su zuwa shekara mai zuwa kafin wata rana da aka ƙayyade. A tsarin Disney, ana yin wannan ne a cikin wata takwas na farkon shekarar amfani, kuma sau ɗaya ake tsallakar da maki. Ɗan Katsinan da bai samu biza ba, ko jinya ta hana shi tafiya, zai iya asarar shekara guda cur da ya riga ya biya kuɗinta, alhali katinsa yana da rai.

Sai kuma kamfanonin musaya, waɗanda ke ba mamba damar ba da makonsa na wani gari ya karɓi na wani gari. Manyansu biyu ne, RCI da aka kafa a 1974 da Interval International da aka kafa a 1976, dukansu a Amurka. Zama mamba a cikinsu daban yake da mallakar masaukin, yana da kuɗinsa da wa'adinsa, kuma suna sharɗanta cewa rajistar mutum ta kasance da rai har zuwa ranar tafiyar. A nan kam ƙarewar wa'adi tana nufin ƙarewar hidimar da gaske, sai an sabunta. Don haka idan aka ce kati ya mutu, tambayar farko ita ce katin wane ne, na masaukin ko na kamfanin musaya, tunda mutum ɗaya yakan riƙe duka biyun.

Wa'adin da ya fi kowanne gajarta, kuma ba a buga shi a jikin kowane kati, shi ne na fasa ciniki. Dokar Tarayyar Turai ta 2008 ta ba mai saye kwana 14 ya janye ba tare da ya faɗi dalili ba, ta kuma hana kamfani karɓar kuɗin kafin alƙalami a cikin waɗannan kwanaki. Jihar Fulorida ta Amurka kwana 10 take bayarwa, Meziko kuma kwanakin aiki biyar. Abin takaici shi ne kwanakin sukan ƙare mutum yana tsakiyar tafiyarsa, yana hada-hadar kaya da jirgi, kafin ya sauka a filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa ya nutsu ya karanta abin da ya sa wa hannu, ƙofar ta rufe. Duk wanda aka kai shi ɗakin talla aka ce masa farashin na yau ne kaɗai, ya nemi a nuna masa sakin layin da ya yi maganar janyewa, ya kuma tabbatar ta wace hanya ake isar da takardar janyewar, domin da baki ba ta ƙirguwa.

'Yan damfara sun san ruɗanin da ke tattare da waɗannan ranaku, kuma da shi suke farauta. Wani zai kira ya ce katinka ya kusa mutuwa, in ba ka tura kuɗin sabuntawa yau ba kasonka ya tafi. Wani ya ce yana da mai saye a hannu, ka fara biyan kuɗin takardu. Wani kuma ya yi alkawarin fitar da kai daga yarjejeniyar in ka biya shi tukuna. Hukumar kula da harkokin ciniki ta tarayyar Amurka ta sha gargaɗin jama'a a kan masu neman kuɗi tun kafin su yi aikin komai. Hanyar kariya ita ce mutum ya kashe wayar, ya nemi kamfanin da kansa ta lamba ko adireshin da ke cikin yarjejeniyarsa, ya bukaci a rubuto masa matsayin kasonsa, da ranar ƙarewarsa, da bashin da ake binsa in akwai, da kuma ko kamfanin yana da tsarin karɓar kaso daga mamban da ya gaji, domin wasu suna da shi ga wanda ba a binsa komai.

Haka muka yi da Baba Alhaji. Takardarsa ta nuna haya ce mai wa'adi, kuma shekarun da suka rage sun fi waɗanda suka wuce yawa. An rubuta a ciki cewa kuɗin shekara yana kansa har wa'adin ya cika, kuma haƙƙin da nauyin suna komawa ga magadansa. Da na karanta masa wannan sakin layin na fassara, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya sa aka kira babban ɗansa, ya ce a kwafi takardar a ba shi ɗaya ya adana, a kuma rubuta kuɗin bana cikin littafin da yake rubuta basussukansa. Mun aika wa kamfanin wasiƙa muna tambayar sharuɗɗan mayar da kason da kuma yadda ake sauya suna in an samu mai saye, sabon katin kuwa ya ce kada a nema sai amsar ta iso.